An Gyara wa Maimuna Ɗaki

Ni ce na ɗinka labulen ɗakin nan, saboda haka babu wanda zai ce mini labari na ji. Sunana Khadijatu, a unguwar Gama nake zaune, ɗinkin labule da zanen gado shi ne sana'ata. A daminar shekarar da aka canja gwamnati aka aiko mini cewa wata Hajiya Raudatu a Nassarawa tana nemana, za a gyara wa 'yarta ɗaki.

Gida ne irin tsohon ginin nan mai faɗin fili, ga bishiyoyin mangwaro, ga motoci biyu a ƙarƙashin rumfa. Tun ban gama gaishe ta ba Hajiya ta ja mini kunne.

"Malama Khadijatu, aikin nan na tsimi ne. Tun da aka yi zaɓe kwangilar Alhaji ta tsaya cak. Duk abin da za a iya samu a cikin gida, ba za mu je kasuwa nemansa ba."

Na ce ai haka kowa yake yi yanzu. Ta ce 'yar tata Maimuna ta cika shekara goma, maigidan kuma, Alhaji Lawan, ya ce addini bai yarda ta ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da yayyenta maza ba. Na ce gaskiya ne. Muka bi wani dogon lungu, muka wuce wata ƙofa a kulle da ta ce ɗakin baƙin Alhaji ne, sannan ta tura ta ƙarshe ba tare da sallama ba.

Wata tsohuwa ce zaune a bakin gadon ƙarfe, da carbi a hannu. Ɗakin fes, yana ƙamshin turaren wuta.

"Gwaggo, ɗan matsa za a auna taga," in ji Hajiya.

Tsohuwar ta matsa, ta dube ni ta ce, "Sannu da zuwa, 'yar nan." Na durƙusa na gaishe ta, sannan na auna tagar ta saman kanta. Da muka fito na tambayi Hajiya a hankali inda Gwaggon za ta koma.

"Boskwata, can bayan gida, na sati ɗaya kawai. In an gama fenti sai a san yadda za a yi."

Gwaggo Jummai yayar mahaifin Alhaji Lawan ce, ita ta riƙe shi tun yana ɗan shekara huɗu. Ita ba ta taɓa haihuwa ba.

Washegari na kawo keken ɗinkina aka ajiye mini a barandar baya, inda nake hangen boskwatan. Abin da Hajiya ta kira ɗaki, sito ne. Ragowar buhunan siminti a kusurwa, tsofaffin tayoyi, jarkokin man janareto, shi kansa janareton kuma a jikin bangon yake daga waje. Taga ɗaya ce, ƙarama, babu raga. A tsakiyar wannan tarkace aka share wuri aka ajiye gadonta da fankarta da durowarta da adakarta.

Gadon kwana biyu ya yi a can. A rana ta uku Hajiya ta zo da Mamman mai fenti, wani dattijo marar yawan magana, ta bubbuga ƙarfen da yatsa.

"Ka gani? Irin na da ne, ya fi na kasuwa ƙarko. Ka kankare shi ka shafa masa ruwan hoda, ya koma sabo. Gwaggo, ki ɗan sauko da katifar ƙasa. Likitoci ma sun ce kwanan ƙasa ya fi wa manya lafiyar baya."

Gwaggo ta ce, "To, ai na Maimuna ne, a ɗauka."

Bayan gado sai fanka, wai ta ɗakin yarinya ta lalace kuma sanyin damina ya ishi tsohuwa. Bayan fanka sai durowar kaya, aka zube mata tufafinta a buhu. Sannan aka kwaso gwangwanayen fenti da galan ɗin man da ake tsinka shi, aka jera su a gefen katifarta, saboda kada ruwan sama ya ɓata su a waje.

Mamman ya sosa ƙeya ya ce, "Hajiya, warin nan ni da nake da lafiya ma yana hawa mini kai."

"To a falo kake so in ajiye su? Kai dai yi aikinka."

Gwaggo tana da ciwon fuka. Ba wanda ya gaya mini, kunnena ne ya ji. Idan na tsayar da keke don in sa zare, sai in jiyo numfashinta daga sito yana fita da wani siririn fito. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareto, hayaƙin ta tagar yake shiga, sai ta rarrafo bakin ƙofa ta zauna tana buɗe baki. Na same ta wata rana tana ta girgiza abin shaƙarta, babu komai a ciki. Na gaya wa Hajiya, ta ce direba zai sayo. Direban ya yi kwana huɗu bai sayo ba, don ba a ba shi kuɗin ba. A ƙarshe Mamman ne ya shigo da shi a aljihu, ya miƙa mini ya ce kada in ce shi ne.

Sati ɗaya ya zama biyu, biyu ya zama uku. Fenti ya ƙare, aka jira. Hajiya ta ga wani zanen furanni a gidan ƙawarta, ta ce a goge bango ɗaya a sake. Duk wannan lokacin ɗakin baƙi yana kulle, ban ga ko baƙo ɗaya ya kwana a cikinsa ba.

Abinci kuma da Gwaggo tana cikin gida, dole a gan ta a tuna. Yanzu da ta koma bayan gida, sai ƙarfe uku ta yi ba a kai mata na rana ba. Maimuna ce kaɗai take zuwa. Da ta dawo daga makaranta, ko kayan makarantar ba ta cirewa, sai ta ɗauki kwano ta nufi sito.

"Gwaggo, Umma ta ce za a zana mini furanni har sama. In an gama ke ma za ki dawo mu riƙa kwana tare, ko?"

"In Allah ya so, 'yar gidana. Tashi ki tafi, warin nan ba shi da kyau ga yara."

Wata Laraba aka yi ruwa mai ƙarfi da safe. Da na iso na tarar da Gwaggo a zaune a kan tsohuwar taya, ta naɗe ƙafafu, katifar ta jiƙe sharkaf, ruwa yana ɗiga daga kwanon rufi a wuri uku. Jikinta yana rawa. Ta ce tun asuba take son zagayawa, amma banɗakin yana can ƙarshen katanga, ga taɓo, ga gwiwa. Na kama ta na kai ta. A hanya na ji ƙasusuwan hannunta a tafina, ta yi sauƙi ƙwarai.

Na fito ke nan sai ga Alhaji Lawan zai shiga mota, cikin farar babbar riga, za shi taron wani kwamitin gyaran tarbiyya da yake ciki. Gilashin motar na baya duk an manne shi da takardun goyon bayan Shari'a. Ban taɓa yi masa magana ba, amma ranar na je na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, Gwaggo ba ta da lafiya. Ɗakin da take yana yoyo, ga warin fenti, ga hayaƙi."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Ke ce mai ɗinkin? Wannan harkar cikin gida ce, Hajiya ke kula da ita."

"Na ce ko za a buɗe mata ɗakin baƙi kafin a gama."

"Ɗakin baƙi? Kin san irin mutanen da suke sauka a gidan nan? Mutum ya taso daga Abuja ya tarar da kaskon turare da ƙulle-ƙullen magani? Malama, Gwaggo uwata ce, babu wanda zai koya mini darajarta. Ita da kanta ta kawo miki ƙara?"

"A'a."

"To kin gani. Mutanen da ba su da raki irin na 'yan yanzu. Kwana nawa ne ma ya rage?"

Daga inda yake tsaye zuwa ƙofar siton bai kai taku talatin ba. Bai taka ba. Ya shiga mota, ya sauke gilashi, ya ɗaga murya ya ce, "Gwaggo, ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi!" Motar ta fita.

A satin ne aka zo kan labule. Yadin da Hajiya ta sayo a kasuwar Kwari shara-shara ne, na ce mata sai an yi masa shafi, in ba haka ba rana za ta ratsa. Ta ce ba sai an saya ba. Ta shiga ciki ta fito da wani farin yadin alawayyo a ninke, mai kyau, yana ƙamshin ajiya. Na auna, na sa almakashi na raba shi gida shida, na ɗinke huɗu kafin la'asar.

Da zan tafi na leƙa Gwaggo. Ta ce, "'Yar nan, buɗe mini adakar nan ki duba can ƙasa, ko ruwan shekaranjiya ya taɓa mini likkafanina."

Na buɗe. Na ɗaga zannuwa biyu da wani tsohon mayafi, na kai ƙasa. Babu komai. Ƙamshin da ya taso daga adakar shi ne wanda yake hannuna tun safe.

"Fari ne, alawayyo," in ji ta. "Da kuɗin daddawata na saya. Wata maƙwabciyarmu ta tafi mini da shi Makka ta jiƙo shi da ruwan Zamzam. Yana nan?"

Na kasa ɗago kai. Ƙarya ta zo mini har baki, na haɗiye ta. Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini. Hajiya ta ba ni shi, ban sani ba. Na yanka."

Ƙirjinta yana ta fito. Tun da na zo gidan ban ga hawayenta ba sai ranar. Ba ta goge ba, ta bar shi yana bin kuncinta.

Na tashi na shiga falo ko takalmi ban tsaya cirewa daidai ba. Hajiya tana kallon talabijin.

"Hajiya, kin san abin da kika ba ni na yanka?"

"Yadi."

"Likkafanin Gwaggo ne!"

Ta rage sautin talabijin. "To sai me? Yadi ne a ajiye shekara da shekaru, asu ma zai cinye shi. In lokaci ya yi ai Alhaji zai saya mata wanda ya fi shi. Ko fata kike yi mata ta mutu gobe? Kuma wannan ajiye-ajiyen ma malamai sun ce ba dole ba ne."

"Ba dole ba ne, amma nata ne. Kin tambaye ta?"

"Khadijatu, ɗinki na kira ki. In ba za ki iya ba, teloli sun cika gari."

Na kwaso gutsattsarin biyu da ban ɗinka ba na kai wa Gwaggo, na ce zan farke sauran in haɗa mata. Ta shafa su ta mayar mini.

"Bar shi. Ki ƙarasa wa yarinya labulenta, ita ba ta san komai ba."

Na ƙarasa. Wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce wa kaina idan na tafi babu mai kai ta banɗaki, kuma gaskiya ne, amma ina son aikin ma.

Daga ranar Gwaggo ta daina fitowa bakin ƙofa. Kwanon da Maimuna ta kai, haka ake ɗauke shi. Tari ya haɗu da zazzaɓi. Ranar Litinin da hantsi Mamman ya shiga ɗaukar gwangwani, na ji ya ƙwala salati. Mun same ta a kife tsakanin katifa da buhun siminti, leɓɓanta sun yi baƙi. Muka fito da ita inuwar mangwaro, ina yi mata fifita da murfin kwali, Mamman yana ta kiran Hajiya.

Na ce a kai ta asibiti. Hajiya ta ce Alhaji ya fita da mota ɗaya, ɗayar kuma babu mai, sannan asibitin kuɗi yanzu sai su kwantar da mutum a kan abin da bai kai ya kawo ba. Aka kira wani mai kyamis ya yi mata allura biyu. Mutumin ya leƙa siton, ya toshe hanci, ya ce in ana son ta tashi a fitar da ita daga nan yau.

An fitar da ita, amma ba zuwa cikin gida ba. Bayan kwana biyu na zo kafa labule sai na tarar da mota a bakin boskwata, an saka mai, direba yana cusa adakar Gwaggo a but ɗin motar. Alhaji Lawan yana tsaye yana bayani, ko da yake babu wanda ya tambaye shi.

"Iskar birni ce ba ta karɓe ta ba. Can ƙauye bayan Dambatta akwai 'yan'uwa, ga sarari, ga nono. Ita ma na san ta fi son can. Da ta warware sai ta dawo."

Rabon Gwaggo da ƙauyen shekara ashirin. Kuma sai da aka bari Maimuna ta tafi makaranta.

Gwaggo ta ce tana son ta ga ɗakin kafin ta tafi. Ni na riƙe ta muka bi lungun, tana tsayawa tana hutawa. Ta tsaya a bakin ƙofa ba ta shiga ba. Bango ruwan hoda, furanni har sama, gadonta yana ƙyalli, fankarta tana juyawa a kan durowarta.

"Ya yi kyau," in ji ta. "Allah ya sa ɗakin albarka ne."

A bakin mota ta tsaya ta dubi Alhaji. Muryarta ba ta fita sosai, sai da ya sunkuyo.

"Lawan, kwanana talatin da huɗu a can baya. Kullum ina jin fitar motarka, ina jin dawowarta."

"Gwaggo, kin san hidimar jama'a..."

Ba ta jira ƙarshen maganar ba, ta shiga mota. Shi kuma ya duba agogo.

Ina kan kujera ina rataye labule na ƙarshe Maimuna ta dawo. Na ji gudunta zuwa sito, na ji dawowarta. Ta shigo ɗakin tana kuka, ta ce ita ba ta son gadon, a mayar wa Gwaggo abinta a dawo da ita.

Hajiya ta daka mata tsawa. "Rufe mini baki! Duk wannan wahalar saboda wa aka yi ta? Ba saboda ke ba?"

Yarinyar ta zauna a ƙasa a jikin bango. Haka aka ɗora wa 'yar shekara goma abin da manya suka aikata.

Gwaggo Jummai ba ta cika sati uku a ƙauye ba. A rediyo na ji sanarwar, an maimaita ta sau uku, da jerin sunayen manyan da suke miƙa ta'aziyya ga Alhaji Lawan bisa rasuwar mahaifiyarsa. Na ce sai na je, ko don in yi mata addu'a.

Gidan da aka ce mini babu kuɗi, rumfuna uku na tarar an kafa a ƙofarsa, da kujerun haya, an yanka sa, ana ta fito da shinkafa a manyan kuloli. An buɗe ɗakin baƙi, an shimfiɗa wa malamai darduma a ciki. Alhaji yana zaune a tsakiyar mutane, idanu jawur, ina jinsa yana cewa, "A hannuna ta tsufa. Ban taɓa bari ta nemi wani abu ta rasa ba." Mutane suna gyaɗa kai suna cewa Allah ya ba shi ladan zumunci.

Babu kotun da za ta saurari wannan magana. Ba a doke ta ba, ba a zage ta ba, kowane abu da aka ɗauka sai da aka ce "Gwaggo, ɗan ba mu," ita kuma ta ce "to." Mutumin da yake yawo unguwa-unguwa yana gyara tarbiyyar 'ya'yan wasu, shi ne ya kasa taka tsakar gidansa ya ga inda matar da ta goya shi take kwana. Katangar Nassarawa doguwa ce, maƙwabci ba ya jin tarin maƙwabci. A Gama da tsohuwa ta kwana biyu ba a gan ta a ƙofa ba, da layi guda ya shigo tambaya.

A cikin gida na tarar Hajiya Raudatu ta ja wasu mata huɗu daga wurin zaman makoki ta kai su ɗakin Maimuna. Suna ta shafa bango suna ɗaga labule. Da ta hango ni sai ta yafito ni.

"Ga ma mai ɗinkin nan. Wallahi ba za ku yarda da ɗan abin da na kashe ba."

Wata mai zoben zinare a yatsu uku ta kama hannuna. "Malama, ni ma irin wannan nake so wa 'yata. Akwai wani ɗaki mai kyau a gidana, tsohuwar maigidan ce a ciki, amma za mu san yadda za a yi. Yaushe za ki zo ki auna?"

Na zare hannuna. "Hajiya, tsohuwar tana da rai?"

"Tana nan mana."

"To ki bar ta a ɗakinta. Wadda aka fitar daga wannan ɗakin aka kai sito, ita ce kuka zo gaisuwar mutuwarta. Wannan gadonta ne. Ni ba zan zo ba."

Ɗaya daga cikin matan ta janye hannunta daga ƙarfen gadon. Hajiya Raudatu ta ce, cikin muryar da ba ta so a ji a falo, "Khadijatu, kin san a gidan wa kike?"

"Na sani, Hajiya. Wata guda na yi a bayansa."

Na gyara mayafina na juya. Ban kai ƙarshen lungun ba na jiyo mai zoben tana cewa, "Rabu da ita, talaka ba ya rasa tsegumi. To shi mai fentin fa, a ina zan same shi?"